Baƙuwar kawa da ta tace tafkunan Amurka: me ya sa kifi ya ragu?

Ɗan Masunci, Garwa:
Assalamu alaikum. Mahaifina yana su a madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai a Kamaru tun bayan kammala ta a 1982, kuma kullum yana cewa ruwa mai ɗan kore-kore shi ne ruwan kifi. Kwanan nan ɗan kawuna da ke karatu a Amurka ya aiko hoton tafkin Mishigan, ruwa garau har ana hango duwatsun ƙasa, amma ya ce masuntan can suna kokawa, wai wata baƙuwar kawa ce ta tace ruwan kifi ya ragu. Ta yaya abin da bai wuce farce girma ba, ba ya ma cin kifi, zai yi wannan ɓarna? Kuma kawarmu ta Binuwai tana iya yin haka?

Malam Buba, Marwa:
Wa alaikumus salam. Maganar mahaifinka tana kan hanya. Kore-koren nan ƙananan tsirrai ne masu yawo cikin ruwa, waɗanda ƙananan ƙwari ke ci, 'ya'yan kifi su ci ƙwarin, manyan kifi kuma su ci ƙanana. Kawar da ɗan'uwanka yake nufi ana kiranta zebra saboda zanen ɓawonta irin na jakin dawa. Asalinta yankin Bahar Aswad da tekun Kasfiya ne, aka fara ganinta a tafkin Sen Kiler da ke kan iyakar Amurka da Kanada a 1988, bayan ta biyo ruwan da jiragen dakon kaya ke ɗiba don daidaita nauyi su zubar inda suka yada zango. A 1989 aka ga 'yar'uwarta kwaga a tafkin Iri, wadda ta fi ta iya zama a zurfi.

Kowace ɗaya tana tace kimanin lita guda a rana, macen kuma tana iya zuba ƙwai har miliyan ɗaya a shekara, don haka idan suka shimfiɗe ƙasan tafki sai su janye abincin daga tsakiyar ruwa su tara shi a ƙasa. A tafkunan Mishigan da Huron wani ɗan mitsitsin jatan lande mai maiƙo, wanda farin kifin can ya dogara da shi, ya kusa ƙarewa, kifin ya koma cin kawar da ɓawonta ya fi namanta yawa, ya rame. Wajen 2003 ƙananan kifin da babban kifin salmon ke ci suka durƙushe a Huron, shi ma ya bi bayansu. Hasken rana kuwa da ya riƙa kaiwa ƙasa sai ya haifar da gansakuka a bakin gaɓa, tana ruɓewa tana wari.

Baba Audu, Kusiri:
Yaro, kada ka zargi kawarmu, domin tun kakanninmu take manne da duwatsun kogi, tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa ba su fasa yawa ba saboda ita. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar ruwan jirgi da Malam ya yi. Na sha ganin an ɗora kwale-kwale a mota daga wannan ruwa zuwa wancan, da guntun ruwa kwance a cikinsa, kalli kuma a dunƙule yana ɗiga.

Hajiya Falmata, Injamena:
Baba, nan ne haɗarin yake, domin 'ya'yan irin wannan kawa suna yawo cikin ruwa ba tare da ido ya gan su ba. Ita zebra ba ta jure ruwan da zafinsa ya daɗe sama da maki 30 a ma'aunin Selsiyos, amma akwai kawar zinariya ta ƙasar Sin mai jure ɗumi, wadda ta shiga kogin Filata na Ajantina a 1991 ta haura har Burazil tana toshe bututun tashoshin lantarki. Lagdo ma tashar lantarki ce. A Amurka ana kira ga mai jirgi ya wanke shi, ya zubar da ruwan ciki, ya bar shi ya bushe na kwanaki kafin ya sauya tafki.

Ɗan Masunci, Garwa:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa mahaifina, ya ce kifar da jirgi a rana ba wuya, amma kwanakin da za a yi ba su, wa zai ciyar da gida?