Insulin da maganin hawan jini a Facebook kan rabin kuɗi: in saya?

Ummu Aisha: Assalamu alaikum. Wani shafi a Facebook yana tallar insulin (allurar ciwon suga) da amlodipine (ƙwayar hawan jini) kan kusan rabin kuɗin kyamis. Ka tura kuɗi, su sa maka a mota daga Legas, ba sa neman takardar likita. Na ga lambar NAFDAC a hoton kwalin. Mahaifiyarmu za mu saya wa, tana da ciwon suga da hawan jini. Lambar ta isa hujja?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ba ta isa ba, Hajiya, domin masu jabu kwafo lamba suke yi daga kwalin wani magani su buga a nasu. Ki shiga Greenbook, kundin magungunan da NAFDAC ta yi wa rajista, a intanet ki rubuta lambar, ki ga ko sunan maganin, ƙarfinsa (5mg ne ko 10mg) da kamfanin da ya yi shi duk sun yi daidai. Ranar ƙarewa da lambar rukunin da ke kan kwali dole su zama su ne a jikin katin ƙwayar. In akwai wurin kankarewa, a kankare a tura lambar da ta bayyana ta saƙon waya yadda aka rubuta a kwalin, don a tabbatar ko na gaske ne. Sannan ki tambaye su adireshin shagonsu da lasisin hukumar PCN, mai yi wa kantunan magani rajista. Wanda ya sayar da insulin bai nemi takardar likita ba, ya riga ya nuna miki ko shi wane ne.

Anti Binta: 'Yar'uwa, ko da insulin ɗin na gaske ne, tafiyar nan kaɗai za ta iya kashe shi. Ajiyarsa tsakanin digiri 2 zuwa 8 ce a firij. Bayan an buɗe, yawancinsa kwana 28 yake yi, shi ma in zafi bai wuce digiri 30 ba. To ina ga but ɗin mota daga Legas zuwa Arewa? In kuma an manna shi da ƙanƙara ya daskare, nan ma ya lalace.

Abin tsoron, ba kullum ido ke ganewa ba. Wani lokaci mai garau ɗin yakan yi hazo, mai kama da madara ya yi gudaji, amma sau da yawa babu wata alama. Suga ya ƙi sauka, sai a yi ta ƙara yawan allurar. Ranar da aka samo mai kyau aka yi mata wannan adadin, suga ya faɗi warwas: gumi, rawar jiki, suma.

Ki kuma duba ƙarfinsa. Akwai U-40 da U-100, wato yunit 40 ko 100 na insulin a kowace mililita, kowanne da sirinjinsa. In aka zuƙi U-100 da sirinjin U-40, an ba ta ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta.

Malam Habu: Haka ne, Anti. Amlodipine na jabu kuwa shiru yake yi, jini na hawa ba a ji, sai shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda ya bayyana. In tsada ce matsalar, Hajiya, ki je kyamis mai rajista ki nemi amlodipine na kamfani mai sauƙin kuɗi, sinadarin ɗaya ne. Insulin kuma ki karɓa a kantin maganin asibiti, a fito miki da shi daga firij a gabanki, ki kai gida a ƙaramar kula da ƙanƙara naɗe cikin tsumma.