Maus ɗin jikin laftof ɗina ya daina aiki tun da aka sauya Windows

Maman Hanif:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka mini. Acer Aspire ce da ni, ta hannu na saya. Ta yi nauyi sosai, sai na kai aka goge komai aka zuba mata sabuwar Windows 10. Tun da na dawo da ita gida, wurin nan da ake shafawa da yatsa ya mutu murus. Kibiya ba ta motsi, dannawa ma shiru. Amma in na jona maus na waje ta USB, yana aiki lafiya lau. Mai gyaran ya ce wai faifan shafawar ne (touchpad) ya ƙone, in kawo kuɗin sabo. Hankalina bai kwanta ba, don ranar da na kai ta ƙalau yake. Da ita nake shigar da makin ɗalibai, ga ƙarshen zango ya matso.

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam Malama. Ki fara da mai sauƙi: riƙe Fn ki danna F7, da shi ake kunna shi da kashe shi a yawancin Acer. Ki kuma duba Settings, Devices, Touchpad, ko a kashe yake.

Maman Hanif:
Na danna, Malam, babu canji. A Settings kuma ban ga Touchpad ɗin ba sam.

Injiniya Zazzau:
To wannan rashin ganin nasa shi ne amsar. Hajiya, kada ki biya ko sisi tukuna. Windows ce ba ta san da shi ba. A irin waɗannan Acer, faifan yana magana da uwar allo ta hanyar da ake kira I2C, kuma in babu direban Intel Serial IO (direba ƙaramar manhaja ce da ke sa Windows ta gane wani sashe na na'ura) ba za su ji juna ba. Masu zuba Windows da yawa suna mantawa da shi.

Ki kashe laftof ɗin, ki kunna, ki yi ta danna F2 har BIOS, wato shafin saitin da ke zuwa kafin Windows ta tashi, ya buɗe. A shafin Main ki nemi Touchpad. In Advanced yake, ki mayar da shi Basic, ki danna F10 ki amince. A wasu samfuran layin a ɓoye yake sai an danna Ctrl da S tare. In kibiya ta motsa, kin tabbatar faifanki lafiyarsa lau. Sai dai a Basic za ki iya rasa jan shafi da yatsu biyu. Saboda haka ki shiga shafin Acer da lambar SNID da ke liƙe a ƙasan laftof ɗin, ki sauke Serial IO, sannan direban faifan, Synaptics ko ELAN, ki koma Advanced.

Ɗan Maradi:
Ƙari kaɗan, Yaya. Ki kalli faifan ta gefe. In ya ɗago sama ko dannawa ta yi tauri, batiri ne ya kumbura a ƙarƙashinsa, zafin nan namu yana jawo haka. In kin ga haka ki cire caja, kada ki matse shi, a canza batirin.

Maman Hanif:
Alhamdu lillahi! Injiniya, ina mayar da shi Basic kibiya ta motsa. Ɗan Maradi, na duba, a kwance yake bai ɗago ba. Direban sai da dare in sauke, lokacin intanet ya fi ƙarfi a unguwarmu. Allah Ya saka muku da alheri.