Mun raba jari, abokina ya tafi da lambobin kwastomomi. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara huɗu muna haɗin gwiwa ni da wani abokina, muna sayar da kayan kwamfuta. Watan jiya muka raba jari lafiya lau, aka ƙirga kaya, kowa ya ɗauki nasa. Ba a yi mako biyu ba wani tsohon kwastoma ya turo min hoton saƙon da abokin nawa ya aika masa, wai "mun koma sabon wuri, ga sabuwar lambarmu." "Mun" fa ya ce, kamar ni na rufe shago! Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa min yadda ya yi.

Mai ɗinkin labule: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin komai buɗe WhatsApp ɗin shagon ka duba na'urorin da aka haɗa da shi. Ni nan aka ci ni. Layin yana hannuna ina ta murna, ashe kwamfutar abokiyar tawa tana nan a maƙale, don WhatsApp yana barin a haɗa na'ura har 4 ban da wayar kanta. Duk wadda ta tambaye ni kuɗin aiki, kafin in gama aunawa an kira ta an rage mata. Wata biyu ina zargin yarinyar da ke taya ni aiki, Allah Ya yafe min. Ranar da na gano na cire kwamfutar, na sa wa WhatsApp ɗin lambar sirri ta ƙarin tsaro mai lamba 6, na canza kalmar sirrin Gmail. Can ma sai na tarar lambar da ake dawo da akawun da ita tata ce.

Mai buga takardu: Hajiya ke kin yi sa'a. Ni layin da sunan abokin haɗin gwiwata aka yi masa rajista, shafin Facebook kuma shi ya buɗe. Dare ɗaya ya cire ni. Ban samu komai ba sai tsohon littafin rasit.

Ɗalibar lauya: Yaya mai tambaya, me takardar rabuwarku ta ce a kan kwastomomi? Maganar tsohuwa ce. A ƙarshen 1895 kotun ƙoli ta Ingila ta lokacin, wato Majalisar Dattawa, ta yanke shari'ar Trego da Hunt. Yarjejeniyarsu ta ce sunan kamfani da masu hulɗa da shi na ɓangaren Trego ne, amma Hunt ya sa akawu ya kwafe masa sunaye da adireshin kwastomomi tun kafin wa'adin haɗin gwiwar ya ƙare. Kotu ta ce yana da damar buɗe irin wannan sana'a ya yi gogayya, amma ba zai bi tsofaffin kwastomomin yana janye su ba. Abin da ya ba ɓangaren Trego nasara shi ne an rubuta kwastomomin na wa ne. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka ka kai wa lauya takardar da hoton saƙon, kada ka goge shi.

Mai tambaya: Ƙanwata, kaya da kuɗi kawai muka rubuta. Ko a mafarki ban kawo maganar lambobi ba.

Tsohon dillali: To yaro, in haka ne jerin lambobin naku ne ku biyu, ka daina ganin sata ya yi maka gaba ɗaya. Laifinsa wannan "mun koma" ɗin ne. Ni da na rabu da nawa abokin, sai da muka yi ta sa-in-sa, kowa yana cewa shi ya kawo wane. Da muka gaji muka zauna gaban shaidu biyu, muka buga jerin a takarda, kowa ya ja layi ƙarƙashin waɗanda ya kawo da ƙafarsa, muka sa hannu ba mai kiran na wani har shekara guda. Sauran muka tura musu saƙo ɗaya da sunanmu duka: mun rabu, ga lambar kowa. Wasu da nake rantsuwa nawa ne suka bi shi. Wata mata da ban taɓa gaisawa da ita ba ta kira ni washegari, ta ce ita dama ni take gani ina ɗaure mata kaya da kyau.

Mai tambaya: Na gode Baba. Yanzu na duba, akwai na'ura ɗaya a haɗe da ban sani ba. Na cire ta. Gobe zan kira shi mu zauna.