Shawarwari a zaure: yaushe ya dace a sayi ƙarin sulalla a gasar poka?

Sabo: Barkanmu da warhaka, 'yan zaure. Ban daɗe a wannan harka ba, shi ya sa nake neman shawarar waɗanda suka riga ni gogewa game da gasar poka, wato wasan katin nan da ake zuba kuɗi, irin wadda ake barin mutum ya sayi ƙarin sulallan wasa bayan an fara. Ga tsarin da ke gabana: kuɗin shiga dala 20 ne da la'adar dala 2, a ba mutum sulalla 5,000. Cikin awa ta farko, duk wanda tarinsa bai wuce 5,000 ba yana iya sake saye da dala 20 a ba shi wasu 5,000, kuma masu gasar ba sa cire la'ada a wannan. Idan aka tafi hutun farko, kowa yana da damar sayen ƙari sau ɗaya tak, sulalla 10,000 a kan dala 20. Wanne ne ya cancanci a biya masa kuɗi a cikin biyun, kuma a wane hali ya kamata mutum ya haƙura ya tashi?

Malam Garba: Barka dai, Malam Sabo. Ka yi kyau da ka kawo alƙaluman gaba ɗaya, domin amsar tana cikinsu. Abu na farko da nake ba kowa shawara shi ne ya fitar da farashin kowane sulalla 1,000 a kowace hanya kafin ya zauna. A tsarinka, shiga ta farko tana kama dala 4.40, sake saye dala 4, ƙarin hutu kuma dala 2 kacal. Mudu biyu ke nan a farashin ɗaya, kuma da wuya ka ga wanda ya san wasan ya bar irin wannan ya wuce shi.

Amma kada ka tsaya a nan. A ce mutum 100 suka shiga, aka sake saye sau 120, mutum 80 kuma suka ɗauki ƙarin. Kuɗin kyauta ya zama dala 6,000, sulallan da ke yawo a ɗakin kuma sun kai miliyan 1.9. Idan ka raba, kowane sulalla 1,000 yana tsaye ne a madadin kusan dala 3.16 na kyautar. Ka ga ke nan wanda ya sayi ƙarin ya biya dala 20 ya karɓi abin da ya haura dala 31, shi kuwa wanda ya sake saye ya biya dala 20 ya karɓi abin da bai kai dala 16 ba. Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: duk gasar da ƙarin hutunta ya ninka tarin farko, ta mayar da sake saye abu mai tsada, domin sulallan arha da za su shigo a hutu suna rage darajar waɗanda aka saya tun farko.

Ladidi: Yaya Garba, lissafinka daidai ne, sai dai ina tsoron Malam Sabo ya fahimce shi a matsayin hani ga sake saye gaba ɗaya. Wanda sulallansa suka ƙare ana saura 'yan mintoci a tafi hutu, sake sayen da zai yi shi ne zai ba shi damar isa ga ƙarin. Idan ka haɗa biyun, dala 40 ce a kan sulalla 15,000, wato kusan dala 2.67 a kowane 1,000, kuma hakan yana ƙasa da dala 3.16 ɗin da ka fitar. Saboda haka ni ina ganin sake saye ya fi ma'ana a ƙarshen awar fiye da farkonta, matuƙar mutum ya ƙudurta ɗaukar ƙarin. Wanda kuma ya san aljihunsa ba zai kai ga ƙarin ba, to tun farko bai kamata ya shiga irin wannan gasa ba, domin zai koma tebur bayan hutu yana fuskantar mutanen da suka sayi sulalla a rabin farashin da ya biya.

Malam Garba: Na yarda da wannan gyara, Malama Ladidi. Haka ne.

Ɗanjuma: Ni ra'ayina ya ɗan saɓa da naku game da farkon gasa. A yawancin gasannin da na sani masu wannan tsari, tun da ƙa'ida ta ce wanda tarinsa bai wuce na farko ba yana iya sake saye, mutum yana iya ninka tarinsa kafin a raba kati ko ɗaya. Ina yin haka duk lokacin da na ga teburin ya cika da masu tura duka sulallansu tsakiya da katin da bai taka kara ya karya ba, suna taƙama da cewa za su sake saye idan sun faɗi. Dalilina shi ne, a wasan da babu iyakar abin da za ka zuba, ba ka iya cin abin da ya fi tarinka daga hannun mutum ɗaya. Idan mai gangancin da ke gefenka ya tara 10,000 kai kuma kana da 5,000, ranar da kati mai ƙarfi ya zo maka rabin abinsa kawai za ka iya ɗauka. Kuma sulallan da irin waɗannan mutane ke ta saye suna zama a teburinku ne, suna kewayawa tsakaninku, har sai masu gasa sun rushe teburin sun rarraba ku.

Ladidi: Malam Ɗanjuma, sharaɗin da ka saka a ciki shi ne gaba ɗayan maganar, wato sai ka fi mutanen teburin iya wasa. Malam Sabo ya ce mana shi bai daɗe ba. Tari mai yawa a hannun wanda bai ƙware ba yana ƙara yawan abin da zai rasa ne a kuskure ɗaya, musamman a matakan farko da zubin dole, wato sulallan da ake tilasta wa 'yan wasa su zuba bi da bi kafin a raba kati, yake ƙarami, inda ake buga hannu har zuwa katin ƙarshe kuma kowane mataki yana bukatar hukunci. Ban da haka, a duba allon gasar a ga wane tebur za a fara rushewa. Wasu ɗakunan suna bin jeri sananne, kuma idan naku ne na farko, ribar da kake hange daga waɗannan mutane za ta watse zuwa wasu tebura kafin ka ci moriyarta.

Baba Tanko: 'Ya'yana, kun san ni ba na sa kuɗina a wannan harka saboda dalilin addini, a manhajojin da ake wasa da sulallan da ba su da daraja nake yi, amma lissafin gasar yana ba ni sha'awa kuma na daɗe ina bin labarinta. Bari in ƙara muku wani gefe da ba ku taɓo ba tukuna.

Sulallan gasa ba kuɗi ba ne, kuma darajarsu tana raguwa yayin da tarin mutum yake ƙaruwa. Ku dubi babbar gasar duniya ta WSOP, wato jerin gasannin poka na World Series of Poker, da ake yi a Las Vegas ta ƙasar Amurka. A 2023 mutum 10,043 suka shiga a kan dala 10,000 kowanne, jimillar kyautar ta haura dala miliyan 93, amma Daniel Weinman da ya tattara dukkan sulallan ɗakin a gabansa dala miliyan 12.1 ya samu, kusan kashi 13 cikin 100 ke nan. Sauran kuɗin an raba wa mutanen da suka tashi ba ko sulalla ɗaya a hannunsu. A kan wannan ne aka gina tsarin lissafin da ake kira ICM, wanda ke ƙiyasta rabon kowa a kuɗin kyauta bisa yawan sulallansa. Misalin da aka saba kawowa shi ne na mutum uku da suka rage, ana raba kyauta kashi 50 da 30 da 20. Mai riƙe da rabin sulallan, rabonsa a lissafi kusan kashi 38 ne kawai, mai riƙe da kashi ɗaya cikin biyar kuma rabonsa ya kusa kashi 29.

Abin da wannan ke nufi ga tambayar Sabo shi ne, sulalla 10,000 ɗin nan sun fi amfani ga mai ƙaramin tari. A ce bayan hutu babban zubin dole zai zama 400. Mai 8,000 yana da zubi 20 ne, wanda kusan ba ya barinsa ya yi komai sai ko dai ya tura duka ko ya ajiye kati. Da ya sayi ƙarin sai ya koma zubi 45, ya samu sararin yin wasa na sosai. Mai 60,000 kuwa kashi ɗaya cikin shida kawai ya ƙara a kan abin da yake da shi, kuma salon wasansa ba zai sauya ba.

Ɗanjuma: Baba, da girmamawa, ina ganin misalin mutum ukun ya fi ƙarfin matakin da muke magana a kai. Wannan ragin daraja yana tsananta ne idan an kusa matakin da ake fara samun kyauta ko an kai teburin ƙarshe. A hutun farko, da mutum 80 ko 90 suna nan kuma kyauta tana da nisa, ragin kaɗan ne, bai isa ya cinye rangwamen rabin farashi ba. Ko da ina da 60,000 zan ɗauki ƙarin a tsarin Malam Sabo. Inda zan bar shi shi ne idan ƙarin bai fi tarin farko yawa ba, misali 5,000 a kan dala 20, ni kuma ina cikin masu jagorancin gasar.

Baba Tanko: Ban musa ba, ɗana. A tsarin da ya kawo, har mai babban tari yana da hujjar saye. Na kawo maganar ce domin ya san cewa ba kowane ƙari ake rungumewa ido rufe ba, tun da gobe zai gamu da wani tsarin daban.

Malam Garba: Akwai kuma abin da ya kamata Malam Sabo ya bambance, domin masu shirya gasa suna yawan cakuɗa sunayen a tallansu. Sake saye daban, sake shiga daban. A sake saye kana zaune a kujerarka, ka biya a kawo maka sulalla, kuma a wurare da yawa kuɗin yana tafiya kai tsaye cikin kyauta. A sake shiga kuwa sai ka faɗi gaba ɗaya, ka koma wurin rajista ka biya cikakken kuɗi har da la'ada, a ba ka sabuwar kujera kamar baƙo. Hujjar Malam Ɗanjuma ta zama kusa da masu ganganci ba ta aiki a nan, domin ba ka san inda za a kai ka ba. Kuma idan an yi nisa, tarin farko da za a ba ka zai iya zama zubi 10 ko 12 kawai. Yanzu sake shiga ya fi yawa a manyan gasanni. Ita kanta WSOP ta daina gasannin sake saye tun 2009, bayan ƙorafin cewa masu hannu da shuni suna iya sayen munduwar zinariyar da ake bai wa zakara. Ana yawan kawo misalin Daniel Negreanu, wanda ya sake saye fiye da sau 40 a wata gasar dala 1,000 a 2006. Babbar gasar kuma har yanzu rai ɗaya ce, wanda ya faɗi ya tafi.

Ladidi: Labarin Negreanu ɗin nan yana ɓatar da matasa da yawa, domin suna ɗauka dabara ce da za a kwaikwaya. Mutumin da ya zuba sama da dala 40,000 a gasar dala 1,000 sai ya ƙare cikin 'yan ƙalilan na sama kafin ya mayar da uwar kuɗinsa, kuma shi yana da jarin da zai ɗauki wannan asara. Shawarata ga Malam Sabo ita ce ya ɗauki wannan gasa a matsayin ta dala 62, wato shiga da sake saye ɗaya da ƙari, ko dala 82 idan zai ba kansa damar sake saye sau biyu. Ya yanke adadin tun yana gida, ya ɗauki wannan kuɗin kaɗai. Masu ba da shawara kan jari sukan ce mai buga gasanni masu yawan jama'a ya tanadi kusan ninki 100 na kuɗin shiga, saboda ana iya daɗewa ba a ci komai ba, kuma a nan da 62 za ka ninka, ba da 22 ba. Idan adadin da ya fito ya fi ƙarfinka, ka nemi ƙaramar gasa.

Lokacin da sulalla suka ƙare kuma, kuɗin da ka riga ka zuba ba ya cikin lissafi, ya zama na kyauta. Tambayar da ta rage ita ce, da yanzu ka shigo ɗakin ka ga wannan tebur da wannan zubin dole, za ka biya dala 20 ka zauna? Na ga mutanen da aka doke katinsu mai ƙarfi da katin ƙarshe, hannunsu yana rawa suna ɗaga kuɗi sama suna kiran mai rabo tun kafin a kwashe sulallan daga tsakiyar tebur. Wanda yake cikin wannan hali ramuwa yake nema, kuma sabon tarin ba ya daɗewa a gabansa.

Sabo: Na gode ƙwarai, Baba Tanko da sauran yayyena. Saura abu ɗaya. Idan ana gab da hutu ina da 5,400, wato na ɗan haura iyakar, ya dace in sadaukar da 400 domin in cancanci sake saye kafin ƙarin?

Ɗanjuma: Wasu suna yin haka, su zuba kaɗan su ajiye kati da gangan domin su sauko kan iyakar. A tsarin da farashin kowane sulalla 1,000 yake ɗaya a sake saye da ƙari yana iya zama da ma'ana, amma a naka babu. Kai ba ka faɗi ba, saboda haka ƙarin yana hannunka ko ba ka sake saye ba, kuma Malam Garba ya nuna cewa 5,000 ɗin nan ba su kai dala 16 ba a kan dala 20, ga asarar 400 a kai. Ka riƙe 5,400 ɗinka, ka ɗauki ƙarin, ka koma tebur da 15,400. Ka kuma tambayi mai kula da gasar tun da wuri ko ana sayen ƙarin a kujera ne ko sai an je wurin rajista, domin a wasu ɗakunan layin yana cinye hutun gaba ɗaya, kuma da zarar an koma wasa an rufe saye.