Shawarwarin da aka tattara daga zaman tattaunawa kan aikin alƙalanci

A wani zama da ɗaliban shari'a suka yi da dattawan lauyoyi a Maraɗi, an ɗauki rayuwar Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ta Najeriya a matsayin abin nazari, duk da cewa Nijar ba ta bin tsarin tarayya irin na Najeriya.

Shawarar da aka fi daɗewa a kanta ita ce haƙuri da hawa mataki-mataki, domin ta zama alƙaliyar babbar kotun Kano a 1977, ta shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1987, ta kai Kotun Ƙoli a 2005, kuma sai a 2012 ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Najeriya, har ta yi ritaya a 2014 tana da shekara 70. A ganina wannan ne ya fi amfanar matasa masu gaggawa.

An kuma gargaɗi ɗalibai da su guji kyautar masu ƙara, ko ta hannun dangi ta biyo. Wani dattijo ya ƙara da cewa mai son alƙalanci a Nijar ya ƙware a Faransanci, tunda da shi ake rubuta hukunci, ya kuma san al'adun gado da na gonaki.