Wai girman batir ne ke ƙara masa ƙarfi?

Mai Shagon Caji: Jama'a an cuce ni wlh. Wata huɗu ina tara kuɗi na sayi ƙaton batirin sola mai 200Ah, wato yawan cajin da yake ɗauka, mai kayan har da rantsuwa wai ya fi ƙarfi, na zo gida na ɗora mita sai ga bolt 12.6, na gwada ɗan mitsitsin na mashin ɗina shi ma 12.6. To kuɗin me na biya?

Malamin Kimiyya: Ɗan'uwa ba a cuce ka ba. Bolt, wato matsin wutar da mita ke aunawa, ba ruwansa da girma, abin da aka haɗa a ciki ne ke yanke shi. Batirin dalma da asid kowane ɗaki kusan 2.1 yake bayarwa, ɗaki shida a jere 12.6 kenan. Dubi ƙaton batirin tocila da siririn na rimot, duk 1.5 ne, na waya mai litiyam kuma 3.7. Girma daɗewa yake ƙarawa, ba ƙarfi ba.

Bakanike: Ba ƙarfi ba?? Malam ɗauko na mashin ka tada tirela da shi mu gani.

Malamin Kimiyya: Wannan ai amfiya ce, yawan wutar da zai iya turawa lokaci ɗaya. Ni bolt nake nufi.

Bakanike: To ka ce bolt mana. Mu a gareji ƙarfi shi ne abin da ya juya kik.

Mai Haɗa Sola: Kun manta da ruwan ciki. In caji na sauka asid ɗin tsinkewa yake, sai ka ga mita ta koma 12.2 ko ƙasa, ga zafin Afrilu yana ƙafar da ruwan, kuma tataccen ruwa ake ƙarawa, kar a zuba asid.

Bakanike: Yaro shekara 20 ina zuba ruwan sama ba wanda ya dawo.

Hajiya Mai Ƙanƙara: Ba su dawo ba don sun canza gareji ne, irinku suka kashe min batir biyu a rani ɗaya.

Bakanike: Hajiya ni ban taɓa ganin batirinki ba, a daina yi mana kuɗin goro.

Shugaban Zaure: Ya isa haka don Allah. Abin da na fahimta, yaya Bakanike ya fi gaskiya tunda shi ke taɓa abin da hannunsa kullum, babba ya fi ƙarfi, Malam ma ya amsa da bakinsa.

Malamin Kimiyya: Ranka ya daɗe a ina na amsa?

Mai Shagon Caji: Ni dai in mayar ne ko in riƙe? Gobe mai kayan zai yi tafiya.