An kwantar da Hajiya, ni kuma ina nesa: yaya kuke yi da kiran bidiyo?

Autar Hajiya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana tara da kwantar da mahaifiyarmu, ta zame ta karye a ƙugu, an yi mata aiki. Mutum ɗaya kawai ake bari ya shiga, ni kuma ina nesa. Sau uku ina kiran ta da bidiyo, ba abin da nake gani sai silin da rabin goshinta, tana ta cewa "wa ke magana?" Jiya ina kashewa na fashe da kuka. Don Allah wanda ya taɓa jinyar tsoho a haka ya taimaka mini da shawara.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Sannu Auta, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ki fara da raba ta da riƙe wayar. Hannu ɗaya da allurar ƙarin ruwa, ɗayan yana karkarwa, da wanne za ta riƙe? Ku nemi abin riƙe waya ɗin nan da ake matsewa a ƙarfen gado, a daidaita shi da fuskarta. Sai doguwar igiyar caja, mita biyu ko uku, don soket yawanci can bayan gado yake.

Kawun Yara: Idan da hali iPad ko makamancinsa ya fi, fuska ta fi fitowa. Kuma a iPhone da iPad akwai wurin da za a saita kira ya ɗauki kansa bayan 'yan daƙiƙu, yana cikin saitin masu buƙata ta musamman. Da shi muka yi wa Baba a 2020 lokacin korona, bai taɓa danna komai ba.

Nas Mai Aikin Dare: Kawu, a yi haƙuri, wannan sai an tambayi masu kula da ɗakin. Kira zai iya buɗewa ana tsakiyar goge mata jiki ko canza mata kaya, ga kuma maƙwabciyar gado da ba ta yarda a nuna ta ba. A ɗakin mutum ɗaya da sauƙi, a babban ɗaki ban ba da shawara ba.

Auta, ƙarfe nawa kike kira?

Autar Hajiya: Wajen takwas na dare, Anti, bayan na taso daga aiki.

Nas Mai Aikin Dare: To ina jin nan matsalar take. Tsofaffi da yawa, musamman bayan tiyata, suna samun ruɗewa a asibiti: ga ciwo, ga magani, ga rashin barci, ga baƙon wuri. Kuma abin yakan tsananta idan rana ta faɗi. Mutum ya wuni garau, da dare ya kasa gane 'yarsa. Da safe kuma likitoci na zagaye. Ki gwada tsakanin sha ɗaya da azahar, ko da a hutun aiki ne, minti goma ya isa. Lokaci ɗaya kullum, har ta saba ta riƙa jira.

Ki tambayi mai jinyar, tabaranta yana fuskarta? In tana sa abin ƙara ji, yana kunnenta ko yana cikin jaka? Sau nawa nake samun su a durowa. Ke kuma ki fuskanci haske, kada taga ta kasance bayanki, don da yawansu da motsin leɓe suke cike abin da kunne ya rasa. Ki fara da faɗin sunanki da ranar da ake ciki, kada ki ce "kin gane ni?", jarrabawa ce wannan, tsorata ta za ki yi. Sannan ki gaya wa nas ɗin da ke kanta cewa ba ta gane ki ba. Ba ƙorafi ba ne, muna buƙatar sani, wani lokacin alamar wata cuta ce da ake magancewa.

Maman 'Yan Biyu: Kuma ban da ihu. A hankali, da murya mai kauri, sun fi ji.

Babban Yaya: Ni kuskurena zan faɗa. Na ga WhatsApp yana ɗaukar har mutum 32 a kira ɗaya, sai na tara dangi kaf, wai mu yi wa Inna mamaki. Kowa ya koma ɗan ƙaramin akwati, yara na tsalle, mutum uku na magana lokaci guda. Inna ta dube mu ta dube mu, ta juya fuskarta bango. Tun daga nan muka yi jadawali, mutum ɗaya ko biyu a rana. Sauran su turo saƙon murya, ana kunna mata idan ta farka.

Kawun Yara: Na karɓi gyara, Anti Nas. Wani abu kuma, intanet ɗin asibiti yana yawan fitar da mutum, sai an sake shiga. Ku sa data a wayar kanta.

Babban Yaya: Kuma Auta, kada hirar ta ƙare a "ya jiki, ya jiki". Ta gaji da amsa ta. Ki nemi shawararta a kan wani abu, ko kin san amsar.

Autar Hajiya: Na dawo da labari. Yau sha biyu saura na kira, yayata ta jingina wayar da robar ruwa tunda abin riƙewar bai iso ba, ta sa mata tabarau. Na ce, "Hajiya, Auta ce, yau Laraba." Ta ƙura mini ido, sai ta ce, "Ke me ya same ki kika rame haka?" Minti bakwai tana yi mini faɗa, ban taɓa jin daɗin faɗa irin na yau ba. Ta ce gobe in nuna mata giɓin jikanta da ya yi famfara.

Anti Nas, maƙwabciyarta ta ce ƙarar ta yi yawa. Abin sawa a kunne wanne ya fi, mai igiya ko marar igiya?

Nas Mai Aikin Dare: Mai igiya, wanda ke rufe kunne. Ƙananan nan cikin zanin gado suke ɓacewa, sai dai a tsinto su a wajen wanki.